Yadda Ake Tace Ruwan Tankin Tarwada da Kainuwa

A ƙauyenmu da ke gefen Auyo, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da inji kullum don sauya wa tarwada ruwa ya zama abin da sai mutum ya zauna ya yi lissafi. Ga kuma ruwan da ake zubarwa, mai ƙarni, yana bin lungu. Wata rana bayan la'asar wani dattijo maƙwabcina ya tsayar da ni a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, don Allah a duba mana ruwan nan, mata ba sa iya wucewa." Na ce, "In sha Allahu, Baba, za a gyara." Daga nan na fara neman yadda ruwa ɗaya zai riƙa zagayawa yana komawa wa kifin, kuma yanzu na haɗa wannan tsari sau da yawa, nawa da na 'yan'uwa.

Dabarar ta masu kiwon kifin teku ce a tankin gilashi, a Turai da Amurka. Ruwan gishirinsu haɗa shi ake yi da kuɗi, ba sa son zubarwa. Sai su ajiye ɗan ƙaramin tanki a ƙarƙashin babban, su zuba ciyawar teku a ciki, galibi wata mai kama da curarren koren zare da ake kira Chaetomorpha, ko mai faffaɗan ganye da ake kira Ulva. Su haska mata fitila, ruwa ya riƙa ratsa ta, ta sha abin da kifi ya fitar ta girma, duk mako ɗaya ko biyu su yage wani ɓangare su zubar. Ciyawar teku ba ta rayuwa a ruwan daɗi, mu kuma tsakaninmu da teku tafiyar kwana ce. Amma muna da kainuwa, kuma aikin ɗaya ne.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko: dattin da kainuwa ta sha yana nan a jikinta. Muddin tana cikin ruwan, bai fita ba. Sai ranar da ka sa hannu ka kwashe ta ne ruwanka ya rabu da shi.

Kayan aiki

Tankin kifi mai cin lita 1,000, irin farin nan mai kejin ƙarfe. A yanke samansa.

Durom biyu na roba masu cin lita 200. Ka tambayi abin da aka taɓa zubawa a ciki. Wanda ya ɗauki maganin feshi ko wani sinadarin da ba ka sani ba, ka bar shi ko da kyauta ne.

Tampol mai kauri ko baƙar ledar shimfiɗa kududdufin kifi, wadda za ta rufe rami mai tsawon mita 8, faɗin mita 1.5, da rarar da za ta hau gefe.

Bututun roba na inci ɗaya da rabi don ruwan da ke gangarowa, tiyo na inci ɗaya ko ƙasa da haka don wanda ake turawa sama, da elbo, da mahaɗi mai kai uku da masu aikin famfo ke kira ti, da kan famfo biyu, da gam.

Ɗan ƙaramin sumo, wato injin tura ruwa da ake nutsarwa a cikin ruwan, mai aiki da batir, wanda zai iya ɗaga lita 600 zuwa 1,000 a awa zuwa tsayin mita ɗaya da rabi. Farantin sola mai wat 150 ko 200, batir mai amfiya 100, da na'urar da ke daidaita caji.

Abin cika durom na biyu: murafen robar lemo da na ruwa, buhunan raga, ko tsakuwa mai girman goro. Murafe sun fi, don ba su da nauyi kuma ba sa toshewa. Yara za su tara maka buhu guda cikin mako biyu.

Bulo, zana, kwando, baho biyu, sikeli, takalmin ruwa da safar hannu ta roba.

Kayan gwajin ruwa na ɗigo, masu auna amoniya, naitirait, naitiret da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, wanda ke sauka idan tsami ya ƙaru. Ana samunsu wajen masu sayar da kayan kiwon kifi a Kano. Idan kuɗi bai kai duka ba, ka fara da na amoniya da na pH.

Kainuwa, kamar baho biyu.

1. Ka san abin da kake yaƙa

Tarwada tana fitar da amoniya ta kafofin numfashinta da ke gefen kai, kashinta da ragowar abinci kuma suna ruɓewa su ƙara. Amoniya guba ce, kuma dafinta yana ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi ko pH ya hau. Akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu manne wa duk abin da ruwa ke bi, suna mayar da amoniya ta koma naitirait, wanda shi ma guba ne, yana hana jinin kifi ɗaukar iska har jinin ya koma ruwan ƙasa. Wasu kuma su mayar da naitirait ya koma naitiret, wanda tarwada ke iya jurewa sosai sai dai in ya taru da yawa. Amoniya da naitiret da fosfet, duk takin zamani ne a wajen tsiro. Abin da kake saye a buhu ka zuba wa shinkafa, shi ne kifinka yake zubarwa a ruwa.

Saboda haka aikin hawa uku ne. Durom na farko ya kama kashi, na biyu ya ba ƙwayoyin nan gida, kainuwa ta sha abin da ya rage. Kada ka tsallake durom biyun ka tura ruwa kai tsaye wajen kainuwa. Kashi zai lulluɓe saiwoyinta, su yi baƙi su ruɓe.

2. Zaɓar wuri da jera kaya

Ka nemi wurin da rana ke samu daga safe zuwa azahar, inuwa ta rufe shi da yamma. Kada ya zama ƙarƙashin darbejiya ko wata bishiya mai zubar da ganye da 'ya'ya, kuma ya yi nesa da gonar da ake feshi.

Ruwa zai gangara ne da kansa daga tankin kifi zuwa durom na farko, zuwa na biyu, zuwa ramin kainuwa, sumo ya ɗauke shi daga ƙarshen ramin ya mayar sama. Don haka tanki ya hau bulo jeri biyu, durom na farko jeri ɗaya, na biyu a ƙasa, ramin kuma ƙasa da kowa. Ka tuna lita 1,000 tan guda ne. A daddaɓe ƙasar sosai kafin a jera bulo.

3. Ramin kainuwa

Zurfinsa santimita 40, ruwa ya tsaya a 30. Kainuwa fili take so, ba zurfi ba, domin yawan ganyen da rana ta taɓa shi ne yawan abin da za ta sha. Dogo siriri ya fi murabba'i, saboda ruwa ya yi tafiya a ƙarƙashin saiwoyi kafin ya kai ga sumo, kuma hannunka ya kai tsakiya ba tare da ka shiga ba. A tsince duwatsu da ƙaya, a baza yashi mai laushi, sannan a shimfiɗa tampol. Gefen ramin a ɗaga shi da jerin bulo ɗaya, don kada ruwan sama ya kwaso ƙasa da kashin dabbobi ya zuba a ciki. A zagaye da zana ko waya saboda awaki, agwagi da ƙananan yara. Maganar yara ba ta wasa ba ce, ruwa mai zurfin taƙi ɗaya ya isa ya halaka mai rarrafe, kuma idan kainuwa ta rufe, yaro gani yake kamar ciyawa ce zai taka.

Idan ƙasarka mai duwatsu ce ko gidan haya kake, ka tayar da bulo jeri biyu a kan ƙasa ka shimfiɗa tampol a ciki. Sai dai dole ka ƙara wa tanki da durom tsayi.

4. Haɗa bututu

Nan ne mutane suka fi yin asara. Idan ka huda tankin kifi a ƙasa ka haɗa shi da durom, ranar da sumo ya tsaya ruwan zai tsiyaye gaba ɗaya ka tarar da kifi a busasshen tanki. Abin da ake yi shi ne a huda gefen tanki a sama, daidai inda kake so ruwa ya tsaya. Daga ciki a sa ti a bakin hudar. Kai ɗaya ya fita waje, ɗaya ya kalli ƙasa a haɗa masa bututu har ya kusa taɓa gindin tanki, a bar tazarar yatsa ɗaya, na ukun ya kalli sama a bar shi a buɗe ya ɗara ruwa tsayi. Da haka ruwan da ke fita daga ƙasa yake tasowa da kashi a cikinsa, kuma ba zai taɓa sauka ƙasa da hudar ba. Kan da ke buɗe a sama shi ke hana bututun zuƙe tankin. A sa raga a bakin na ƙasa idan kifin ƙanana ne.

A durom na farko, bututun ya shiga ta tsakiyar tsayinsa, a sa masa elbo daga ciki ya kalli gefe, yadda ruwa zai riƙa juyawa a hankali kamar ana dama kunu. Kashi zai taru a tsakiyar gindi. A sa kan famfo a can ƙasa don zubar da shi. Ruwa mai haske ya fita ta sama.

A durom na biyu, ruwa ya zubo daga sama a kan tsohon baho da aka hudhuda da ƙusa, ya yayyafu a kan murafen, ya fita ta ƙasa zuwa rami. Na fi son wannan a kan a nutsar da murafen cikin ruwa, domin ƙwayoyin nan iska suke buƙata, kuma idan wuta ta ɗauke suna iya yin awanni a jiƙe cikin iska ba su mutu ba. A rufe durom ɗin da buhu, ba sa son hasken rana.

Kada ka kuskura ka sa gidan sauro a matsayin mataci. Wanda ake rabawa a asibiti yana da maganin kashe sauro a jikin zarensa, kuma wannan maganin yana kashe kifi ko da kaɗan ne.

Sumo ya zauna a cikin kwando a ƙarshen rami, a nannaɗe kwandon da buhun raga don kada ya ja saiwoyi. Ruwan da ya koma tanki ya faɗo daga sama yana fantsama, don ya ɗauki iska.

5. Samo kainuwa da killace ta

Kainuwa dashen Allah, in ji Hausawa, kuma a ƙasar Haɗeja ba sai ka saya ba. Amma ba ita kaɗai take zuwa ba. Cikin saiwoyinta akwai matsattsaku, ƙwan kwaɗi, tsutsar sauro da ƙananan katantanwa, kuma wasu daga cikin katantanwar nan su ne ke ɗauke da tsargiya, ciwon fitsarin jini da ya addabi garuruwanmu na bakin ruwa. Ka sa takalmin ruwa da safar hannu, ko ka jawo ta da dogon kara daga bakin gaɓa. Kada ka aiki yara su shiga. Ka guji magudanar da ke fitowa daga gonakin shinkafa lokacin feshi.

Ka zaɓi matasa, masu faɗin tafin hannu, kore shar, masu farar saiwa. A gida ka wanke kowace ɗaya a baho, ka buɗe tsakanin ganye ka duba, ka datse saiwar ka bar tsawon yatsa. Ka zuba su a wani baho da ruwan rijiya da ɗan ruwan kifi kofi biyu, su yi mako biyu a nan. Duk bayan kwana uku ka sauya ruwa ka tsince katantanwa da ƙwansu, wanda yake kamar ɗigon majina manne a ƙarƙashin ganye. Kafin mako biyu za su fitar da 'ya'ya a gefe. 'Ya'yan nan da aka haifa a bahonka su ne mafi tsabta, su za ka fi kai wa rami.

Akwai wani ɗan mitsitsin ganye mai girman ƙwayar riɗi zuwa ta wake da ke rufe kududdufi kamar an shimfiɗa koren mayafi, agwagi na son sa, masu kiwon kifi na kiran sa dakwid. Yana iya ninka kansa cikin kwana biyu zuwa huɗu idan ya samu abinci, kuma kaji da karfasa suna cin sa. Matsalarsa iska tana tara shi gefe guda, kuma yana shiga sumo. Idan za ka sa shi, ka ware masa sashe a farkon rami da gora mai yawo a kan ruwa. Azola kuwa, wadda ake ta tallatawa yanzu don abincin kaji, ba ta dace da wannan aikin sosai ba, domin tana samo naitirojin ɗinta daga iska, ba ta damu da na ruwanka ba, kuma zafin bazararmu yana ƙona ta.

Akwai kuma wata mai kumburarren kara da kyakkyawan fure shuɗi-shuɗi. Tana sha fiye da kainuwa, amma ban yarda a kawo ta inda babu ita ba. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta shigo ruwan Legas ta Badagiri a 1984, kuma har yau ana fama da ita tana toshe hanyar jiragen ruwa. A wannan shekarar ce aka fara ganin wata ciyawar tankin gilashi mai suna Caulerpa a tekun Bahar Rum, a gaɓar Monako, daga ɗan fili kaɗan ta mamaye gaɓar ƙasashe da dama. Mu nan ba ma buƙatar a ba mu labari. Mun ga abin da kacalla ta yi wa kogin Haɗeja da fadamun da suka bi har Nguru bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yadda ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama gidan jan-baki.

6. Tayar da tsarin

Ka cika ko'ina da ruwan rijiya ko na burtsatse, ka kunna sumo ya yi kwana biyu babu kifi, kana duba yoyo. Idan ruwan famfon gwamnati ne mai warin magani, ka bar shi a buɗe ya kwana biyu kafin ya taɓa durom na biyu. Sai ka zuba kainuwa ta rufe kamar kashi ɗaya cikin uku na ramin.

Ƙwayoyin durom na biyu suna ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da za su iya aiki. Idan kana da wanda tsarinsa ya daɗe yana tafiya kuma kifinsa lafiya lau, ka roƙi murafe cikin bokiti ɗaya, ka kawo su a jiƙe ka zuba cikin naka, zai rage maka jira. Ka fara da kifi 80 zuwa 100 masu tsawon yatsa, kana ba su abinci kaɗan-kaɗan. Duk kwana biyu ka gwada ruwa. Za ka ga amoniya ta hau ta sauka, sannan naitirait ya hau ya sauka, daga nan naitiret ya fara bayyana. Idan amoniya ko naitirait ya wuce miligiram 1 a lita, ka tsayar da abinci na kwana guda ka sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan tanki.

Wanda ba shi da kayan gwaji, kifin ne zai gaya masa. Tarwada mai lafiya tana hawowa ta shaƙi iska ta koma da sauri, kuma tana rububin abinci. Idan ka ga sun tsaya a tsaye a saman ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, ko gashin bakinsu ya fara guntulewa, ko kumfa ta ƙi bajewa, ko sun bar abinci yana yawo, ruwa ya lalace.

7. Kwasa, da lissafinta

Wannan shi ne aikin. Da kainuwa ta rufe kashi biyu cikin uku na rami, ka kwashe ta koma rabi. A lokacin zafi hakan yana zuwa duk bayan kwana uku ko huɗu. Ka ɗebi manya da tsofaffi da duk mai rawayan ganye, ka bar matasa, domin mai girma ita ke sha. Wadda ta cika ta matsu ta daina girma, kuma tsofaffin ganyenta suna ruɓewa su mayar wa ruwa abin da suka ɗauka. Bayan haka idan ta rufe ruwa ruf, iska ba ta shiga, ƙarƙashinta ya yi baƙi ya fara wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai.

Ka tsane abin da ka kwasa a kwando ka ɗora a sikeli, ka rubuta. Ga dalili. Kilo ɗaya na abincin kifi yana sakin naitirojin kamar giram 30 a ruwa. Kainuwa kuwa kusan dukkanta ruwa ce, kilo ɗaya ɗanye bai fi ya ɗauke giram ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Ke nan kafin ka kwashe abin da kilo ɗaya na abinci ya zuba, sai ka fitar da kainuwa kilo 15 zuwa 20. Rami mai mita 8 ba zai ba ka wannan a rana ba. Ni a nawa, lokacin da take kan ganiyarta, kilo biyu zuwa uku nake samu a rana idan na raba.

Ma'anar wannan ita ce, a wata biyun farko, lokacin da kifi ke cin giram 100 zuwa 200 a rana, kainuwa tana shanye kusan komai, sai dai ka riƙa cike gurbin abin da rana ta ƙafar. Amma idan suka kai rabin kilo kowanne, gaba ɗayansu suna cin kusan kilo guda a rana, ita kaɗai ba za ta iya ba. A nan nake zubar da kamar lita 250 duk bayan kwana uku in ƙara sabo, maimakon sauya tanki guda kullum da nake yi a da. Duk wanda ya ce maka da kainuwa ba za ka sake sauya ruwa ba har ka sayar da kifi, bai taɓa ɗora ta a sikeli ba. Idan kana so ka rage sauyin fiye da haka, hanya biyu ce: ka ƙara rami, ko ka rage kifi.

Kowace safiya kafin ka ba da abinci, ka buɗe famfon gindin durom na farko ka tari bokiti ɗaya ko biyu, har baƙin ya wuce ruwa ya fara haske. Kashin da ya fita yau bai samu damar narkewa ya zama amoniya ba, don haka wannan bokitin ya fi kwandon kainuwa rage maka aiki. Shi da ruwan da ake sauyawa duka lambu suke tafiya. Na ja tiyo zuwa kunyoyin alayyafo, lalo da tattasai a bayan gida, ban ƙara saya musu taki ba, lungu kuma ya bushe.

Kainuwar da aka kwashe a baza ta a rana ta bushe ƙayau, ko a haɗa ta da kashin dabbobi a rami ta zama taki. Ɗanyarta tana da ƙaiƙayi a baki, dabbobi ba su cika son ta ba. Kada a zubar da ita a kogi, ko magudanar ban-ruwa, ko inda ruwan sama zai kwashe ta.

8. Gishiri da magani

Masu kiwon tarwada sun saba watsa gishiri idan kifi ya ji ciwo, kuma yana da amfani, har dafin naitirait yana ragewa. Amma kainuwa ba ta shiri da gishiri. A zagayena na biyu na kiwo na ga wasu kifaye da ƙuraje, na zuba gishiri yadda na saba a da, na bar sumo yana aiki. Kwana uku sai ganye ya yi laushi, gefensa ya ƙone. Ban kwashe ba, ina sa ran za ta farfaɗo. Da asubar kwana na biyar ɗan yayata da ke taya ni ya buga ƙofa ya ce, "Kawu, fito ka ga kifin nan." Ramin ya zama dagwalo, duk abin da ke jikin kainuwar ya koma ruwa lokaci ɗaya. Mun tsame matattu goma sha bakwai, kowanne ya kusa rabin kilo. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci, domin da na kwashe ta tun ranar da ta yi laushi da ba a yi asarar ba.

Idan za ka yi wa kifi magani, ka kashe sumo, ka yi maganin a tanki shi kaɗai ko a wani baho dabam, ka zubar da ruwan maganin, ka cika da sabo, sannan ka sake haɗawa. A kwanakin nan ka riƙa watsa wa durom na biyu ruwan rami da bokiti safe da yamma don kada ya bushe. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba sa bambancewa, suna kashe na durom ɗinka ma, ka koma jiran mako shida.

9. Idan ruwa ya yi tsami ko ganye ya yi rawaya

Aikin ƙwayoyin durom na biyu yana sa pH sauka a hankali. Ana so ya zauna tsakanin 6.5 da 7.5. Idan ya sauka ƙasa da 6.5, ka daka ɓawon ƙwai ko ka sayi dutsen farar ƙasa da masu haɗa abincin kaji ke sayarwa, ka ƙulle a buhun raga ka ajiye inda ruwa ke zubowa cikin rami. Yana narkewa ne daidai buƙata. Kada ka zuba kanwa ko toka. Suna ɗaga pH farat ɗaya, amoniyar da ke zaune lafiya ta koma guba cikin minti kaɗan.

Idan sababbin ganye suna fitowa fari-fari alhali tsofaffin kore ne, sinadarin ƙarfe ne ya yi ƙaranci a ruwan, kuma hakan ya fi faruwa idan pH ya hau. Sauya wani ɓangare na ruwan yakan gyara. Idan kuwa duk kainuwar ta ƙanƙance saiwarta ta yi tsawo sosai, abinci ne ba ta samu, wato ruwanka ya yi tsabta, sai ka rage yawanta.

10. Hunturu, bazara da dare

A hunturu ruwa yana sanyi, tarwada ta rage ci, kainuwa ta rage girma, ƙwayoyin durom su ma su yi sanyin jiki. Faffaɗan rami yana zubar da ɗumi da daddare fiye da tanki, don haka daga Disamba zuwa farkon Fabrairu ina kafa zana ta gefen arewa maso gabas inda iska ke fitowa, in rufe tanki da buhu da magariba, in ba da abinci sai rana ta ɗaga. Ƙurar da ke kwanciya a ganye a wanke ta da yayyafin ruwa.

A Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ganye yana ƙonewa, ruwa yana ƙafewa da sauri. A yi rumfar zana mai shara-shara a kan rabin ramin, kuma a duba ruwa kullum kada ya sauka ya bar sumo a waje ya ƙone.

Idan ba ka da batir, sumo zai yi aiki da rana kawai. Tarwada tana shaƙar iska daga sama, za ta kwana lafiya, amma ka mayar da yawancin abincin safe da azahar, ka daina bayarwa bayan la'asar, kuma ka rage kifin zuwa 60. Idan babu sumo ɗin ma, bokiti yana yi: safe da yamma a ɗebi bokiti goma sha biyar daga ƙarshen rami a juye a tanki, ruwa zai tura kansa ya zagayo. Da haka wani ƙanena a Kafin Hausa ya fara da kifi 40.

Inda kainuwa ta yi wuya a rani, ka yanko rassan dankalin Hausa masu tsawon kamu ɗaya, ka huda farin soson nan na cikin kwalin firiji ko talabijin, ka zura su ya yi yawo a kan ruwa. Cikin mako guda za su fitar da farar saiwa. Na'ana'a da latas ma suna yi a lokacin sanyi. Su ma dai sai ana yanka ana fitarwa, ganyen dankalin a ba zomaye da awaki, ko a sa a miya.